Fayif ɗin ƙarfe da aka dura wa kankare zai iya ɗaukar dekin na bene?

Abban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan gida. Injiniyoyi da magina na wannan zaure, ku taimaka mini da shawara kafin na narka kuɗi a inda ba za su fito ba.

Ina gini a bakin titi a Rijiyar Zaki. Ƙasa babban shago ne guda ɗaya na kayan masarufi, ba katanga a tsakiya, sama kuma hawa ɗaya, ofis biyu da sito. Saboda faɗin wurin dole a sa fila uku a tsakiyar shagon, sannan huɗu a baranda inda ginin sama ya fito gaba. Tsakanin fila da fila mita 4 ne ta tsawo, mita 3 ta faɗi. Tsayi daga daɓe zuwa dekin mita 3 muka yi niyya, amma ina tunanin ɗaga shi zuwa huɗu da rabi don na samu wurin kantoci masu tsayi, iska kuma ta riƙa ratsawa lokacin bazara.

Birkilana ya ce fila irin wadda aka saba za a yi, inci tara-tara, rodi huɗu 'yan 16, wato masu kaurin milimita 16. Mai waldar da zai yi mini ƙofofi kuma ya ce ɓarnar wuri ce, a sayo fayif ɗin ƙarfe inci huɗu a dura masa kankare, wai ko tirela aka ɗora a kai ba zai motsa ba. Ni kuwa maganarsa ta zauna mini, don ba kuɗin katako, ba jiran kafinta, shagon kuma zai fi kyan gani. Amma 'ya'yana ne za su riƙa wuni a ƙarƙashin wannan dekin. Shin kankaren da ke ciki yana ƙara ƙarfi da gaske, ko kuwa ƙarfen ne kaɗai ke aiki, shi kankaren cika ciki ne kawai?

Magini Ɗan Dorayi:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka bi maganar birkilanka. Ni ba boko na yi ba, amma na tsufa a kan bulo da siminti.

Abu biyu ne suka sa ba na son fayif. Na farko tsatsa. Na sha ganin fayif a baranda, sama fes da fenti, gindi kuwa in ka danna ƙusa sai ta shige. Ruwan kwata, ruwan alwala, ga masu tsugunawa da daddare, duk a gindinsa suke taruwa. Na biyu kuma shi ya fi damuna. Fila ta rodi ranar da aka kwance katako kowa zai gan ta, in ta yi ramuka mai gida zai gani, injiniya zai gani, a fasa a sake. Amma abin da leburori suka zuba a cikin fayif, daga su sai Allah. In ma takardar buhun siminti ce ta toshe tsakiya, ba mai sani har ranar da ta ɓaci.

Oga Mai Walda:

Baba magini, da girmanka, amma ba a yi wa ƙarfe adalci ba. Ka zagaya gidajen mai na garin nan, ka duba rumfunan masallatan Juma'a, duk a kan fayif suke tsaye shekara da shekaru, iskar farkon damina ta kaɗa ta gaji ta bar su. Tsatsa kuma ai sakaci ne, jan fenti ya fi ƙarfinta. Shi rodin da kuke taƙama da shi ma, sau nawa ake sayen ɗan 16 a auna a ga bai cika ba? Alhaji, ni ban san mai waldarka ba, amma ina bayansa.

Injiniya Mai Ritaya:

Salamu alaikum. Alhaji Abban Khalifa, Allah ya sa a gama lafiya. Zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri, don tambayar ta fi ƙarfin e ko a'a.

Da farko Oga mai walda, rumfar gidan mai da ta masallaci kwano suke ɗauke da shi, kuma kwano da ƙarafunansa ba su taka kara sun karya ba a nauyi. Babbar damuwar irin wannan rumfa ma iska ce, kada ta ɗauke ta. Dekin mai kaurin milimita 150 kuwa shi kaɗai kilo 360 ne a kan kowane murabba'in mita, tun ba a sa tayil ba, ba a ɗora bulo ba, ba a shigo da kaya ba. Don haka wancan ba hujja ba ce a nan.

Amma a ainihin tambayar, mai waldarka bai yi ƙarya ba. Kankaren yana aiki, kuma hanyar sananniya ce, ba ƙirƙirar Kano ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1890 wani mutum John Lally a Amurka ya fara sayar da irin wannan fila, har gobe da sunansa ake kiranta a can, ana tallafe gidaje da ita. Ƙa'idar gini ta Turai mai suna Eurocode 4 ta ware mata sashe guda da lissafinta.

Yadda suke taimakon juna shi ne: fayif fanko in nauyi ya yi masa yawa, bangonsa ne ke fara lotsewa, ya loɓa ciki a wuri guda, daga nan sai ya durƙushe. In akwai kankare a ciki, bangon ba shi da inda zai loɓa. Shi kuma kankare in an danne shi ƙoƙarinsa ya buɗe gefe ya farfashe, to ƙarfen ya kewaye shi ya hana. Ka taka gwangwanin lemo fanko, ka kuma taka wanda aka cika da yashi, za ka ji bambancin a ƙafarka.

Yanzu ga lissafi, a gurguje, ba wai na zana maka gini ba ne. Fayif inci huɗu faɗinsa ta waje milimita 114 ne. Mu ɗauka kaurin bangonsa milimita 3, ƙarfe na talaka-talaka, kankare kuma giredi 20 a ma'aunin ƙarfinsa. Ƙarfen kaɗai zai ɗauki kusan tan 25 kafin ya murƙushe, kankaren ciki ya ƙara kusan tan 12, jimla tan 37. Wannan lambar ce ke sa mutane zancen tirela. Sai dai guntun fayif ne ke ba ka ita, irin wanda bai kai gwiwa ba. Doguwar fila siririya ba murƙushewa take yi ba, lanƙwasewa take yi gefe tun kafin ta kai can. A tsayin mita 3, tan 37 ɗin nan ya sauko kusan 27. In ka ɗaga zuwa mita huɗu da rabi kamar yadda kake tunani, ya koma kusan 16. Ƙarin mita ɗaya da rabi ya cinye maka tan 11.

Kuma lura da wani abu. A mita 3, fayif ɗin nan fanko yana ɗaukar tsakanin tan 16 da 19, da kankare 27, riba ce mai kyau. A mita huɗu da rabi fanko bai wuce 13 ba, da kankare 16. Wato gwargwadon tsayin fila, gwargwadon raguwar amfanin kankaren, saboda abin da ke hana lanƙwasa shi ne faɗin fila, shi kuwa kankare yana zaune ne a tsakiya inda ba ya taimakawa sosai.

To nawa ne zai hau kan filarka ta tsakiya? Mita 4 sau mita 3, murabba'in mita 12 ke nan kowace fila za ta ɗauka. Dekin kilo 360, daɓe da tayil da filasta a ce 150, kaya da mutane a ce 500 tunda akwai sito. Wannan ya ba mu tan 12. Ƙara katangar bulo ɗan inci tara ta sama in ta biyo ta kan bim, da shi kansa bim ɗin, da rufi, ka tashi da kusan tan 17. Ba a gini a kan daidai-wa-daida, ana ƙara rarar kariya, sai ya zama tan 23 zuwa 24. Ka gani ke nan: a mita 3 kana da 27 a kan 24, ka tsira da ƙyar, kuma sai in komai ya tafi daidai. A mita huɗu da rabi ba ka tsira ba sam.

Kilo 500 ɗin da na sa ma na yi maka sassauci ne. Na san sito a garin nan. Buhun shinkafa goma a kan juna ya haura tan guda a murabba'in mita ɗaya, kuma ranar da kaya suka zo da araha ba wanda ke tuna abin da injiniya ya ce.

In kana son fayif, ka bar inci huɗu. Inci shida mai kaurin milimita 5, a tsayin mita 3, da kankare iri ɗaya, yana haura tan 70. Filar birkilanka ta tara-tara da rodi huɗu 'yan 16, in an yi ta da kyau, tana wajen tan 60. Don haka inci shida ya kai ta har ya ɗan wuce, kuma ya fi ta siranta. Farashi kuwa sai ka tambaya, kada ka yi mamaki in ya fi tsada.

Amma abin da ya fi tsorata ni a irin wannan aiki ba jikin filar ba ne, kanta ne da gindinta. Duk lissafin da na yi a sama yana nan ne in nauyin ya sauka a kan ƙarfe da kankare tare, a tsakiya. Abin da na saba gani a wurin aiki shi ne a liƙa ƙarfen bim a gefen fayif da walda. To nan ka ɗora wa bangon fayif kaɗai nauyi, ka kuma karkatar da shi gefe guda, ka taimaka masa ya lanƙwashe. Riƙon da ke tsakanin kankare da santsin cikin fayif kaɗan ne, ba a dogara da shi ya kwashe nauyi nan take. Ko kuma a rufe sama da farantin ƙarfe alhali kankaren ya zauna ya bar rata ƙarƙashin farantin, sai ƙarfen ya yi ta fama shi kaɗai, kankaren yana hutawa. Daidai shi ne a cika har baki, a bari ya zauna, a cike ratar da kwaɓin siminti mai ƙarfi, sannan faranti mai kauri ya danne duka biyun, a fito da rodi daga cikin fayif ya shiga cikin bim. Kuma lallai akwai bim. Kada wani ya ce maka dekin zai zauna kai tsaye a kan bakin fayif, siririyar fila tana iya huda dekin ta fito ta sama.

Gindi kuma faranti da noti huɗu da aka dasa a cikin fandisho tun ranar zubi, ba a haƙa rami a cusa fayif a maida ƙasa ba.

Baba magini, maganarka ta rami a ciki ita ce gaskiyar da ba ta da amsa mai sauƙi. Fayif inci huɗu mai mita 3 kankaren da zai ci bai wuce lita 28 ba, jarka guda da ɗan ƙari, amma shigar da shi lafiya aiki ne. In aka sa tsakuwa mai girma za ta cije a tsakiya ta bar kogo. In leburori suka ga ba ya wucewa sai su tsula ruwa, ƙarfinsa ya tafi, tsakuwa ta faɗa ƙasa, ruwan siminti ya taso sama. Ana buƙatar ƙananan tsakuwa, kamar milimita 10, a zuba kaɗan-kaɗan, ana sa siririyar na'urar girgiza kankare, ana kuma bubbuga jikin fayif. Bayan ya bushe a bi shi da guduma daga ƙasa har sama, inda ya yi ƙara irin ta fanko akwai matsala. A manyan ayyuka a Japan da Sin ta ƙasa ake tura kankaren da famfo ya hau sama, don kada iska ta maƙale. Mu ba mu da wannan a ƙaramin aiki, sai dai tsayawa a kai.

Abu guda da zan yaba wa fayif a yanayinmu: yana rufe kankare ruf, ruwansa ba ya gudu. Filar rodi da aka zuba cikin katako, a watan Afrilu in ba a yi mata ban-ruwa ba, rana ta gama da ita. Sai dai a yi zubin da sassafe, kafin ƙarfen ya ɗau zafi.

Ɗalibin Injiniya BUK:

Ranka ya daɗe, mun gode da wannan darasi. Amma ina da ɗan ja. A aji an nuna mana cewa matsewar da fayif mai zagaye ke yi wa kankare tana ɗaga ƙarfinsa sama da na asali sosai, kuma ban ga ka sa wannan ƙari a lissafinka ba. Ai da wannan dabara aka yi gadar Pingnan ta uku a lardin Guangxi na ƙasar Sin, wadda aka buɗe a 2020, tazarar da bakanta guda ya ƙetare ta kai mita 575, duk fayif ne cike da kankare. Haka benen Taipei 101 na Taiwan da aka gama a 2004, manyan filolinsa akwatunan ƙarfe ne da aka dura wa kankare har hawa na 62. Ina ganin kamar ka rage wa inci huɗun nan daraja, da an sa ƙarin da ya wuce 27 nesa.

Injiniya Mai Ritaya:

Madalla ɗana, haka ake so ɗalibi ya yi. Misalanka daidai ne. Amma da gangan na bar ƙarin, kuma ga dalili.

Matsewar nan ba tun farko take farawa ba. Lokacin da aka fara ɗora nauyi, ƙarfe ya fi kankare saurin buɗewa gefe. Ka tuna lambobin da aka ba ku, na ƙarfe 0.3, na kankare wajen 0.2. Wato a farko fayif ɗin yana ƙoƙarin janyewa ne daga jikin kankaren, ba matse shi ba. Sai kankare ya kusa iyakarsa, ya fara tsattsagewa a ciki yana kumbura, sannan ya cimma bangon ƙarfen, a nan ne riƙon ke kamawa. Guntuwar fila mai kauri tana daɗewa har ta kai wannan matsayi. Doguwa siririya kuwa ta riga ta lanƙwashe kafin a zo wurin. Shi ya sa Eurocode 4 ta ce ba za ka ƙirga wannan ƙari ba sai ma'aunin sirantar filar bai wuce 0.5 ba, kuma karkacewar nauyin daga tsakiya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin fayif ba. Na Alhaji a mita 3 ma'auninsa ya haura 0.9. Kafin inci huɗu ya cancanci ƙarin sai tsayinsa ya tsaya wajen mita ɗaya da rabi. Wa zai yi shago a ƙarƙashin wannan?

Kuma ƙarin ba kyauta ba ne. Ƙarfen da ya shagala da ɗaure kankare ta kewaye, ƙarfinsa na ɗaukar nauyi ta tsaye yana raguwa, ƙa'idar tana iya zaftare masa har kashi ɗaya cikin huɗu. A guntuwar fila ribar ta fi asarar, shi ya sa ake yi.

Sannan duk wannan zance na mai zagaye ne. Fayif mai kusurwa huɗu, wanda masu walda suka fi so don ya fi daɗin haɗawa, bangonsa shimfiɗaɗɗe ne, in kankare ya turo sai ya bultso waje, a kusurwoyi kaɗai yake riƙewa. Ƙa'idar ba ta ba shi ƙarin komai. Ta kuma fi tsananta masa wajen kauri: a ƙarfe na talaka-talaka, mai zagaye an yarda faɗinsa ya ninka kaurinsa har sau 90, mai kusurwa kuwa sau 52 kawai.

Su Pingnan da Taipei kuma, ka tambayi kanka wane kankare suka zuba, wane ne ya gwada kowace walda da na'ura. Dabarar ɗaya ce, hannun da ya yi aikin ne daban. Ina ba ka shawara in lokacin aikinka na ƙarshe ya zo, ka sayo fayif daga kasuwa, ka sa leburori na gaske su cika shi yadda suka saba, ka danne shi a ɗakin gwaji, sannan ka tsaga shi ka ga cikinsa. Za ka amfane mu fiye da maimaita abin da aka yi a waje.

Hajiya Mai Atamfa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ruwana da lissafi, amma ban ji wanda ya ambaci gobara ba. Duk wanda ya ga Kasuwar Sabon Gari bayan gobarar watan Maris na 2016 ya san yadda wuta ke mayar da ƙarfe, ƙofofi da ƙarafunan rufi duk sun nannaɗe. Shagon kayan masarufi kuwa akwai man girki, akwai katan, akwai leda. Injiniya, fila ta ƙarfe tsirara a tsakiyar irin wannan kaya ba ganganci ba ne?

Injiniya Mai Ritaya:

Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo wuri mai muhimmanci. Ƙarfe in zafi ya kai digiri 600 ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa, kuma gobarar shago tana wuce haka. Fayif fanko ba ya jimawa. Wanda aka cika ya fi shi, saboda kankaren yana shanye zafi, in ƙarfen ya yi laushi kuma nauyin ya koma kansa. Amma a nan ma girma ne ke magana. Kankaren da ke cikin inci huɗu ɗan kaɗan ne, zafi zai ratsa shi da wuri, kuma mun ga tan 12 kawai yake ɗauka shi kaɗai. Idan ana son fila ta daɗe a wuta, sai a faɗaɗa ta a kuma sa rodi a cikin kankaren, ko a lulluɓe ta ta waje da abin da ke tare zafi. A wannan fanni filar birkila ta fi, don rodinta a ɓoye yake cikin kankare.

Ga kuma abin da kusan ba mai yi a nan: huda. Kankare ko ya shekara yana da ruwa a jikinsa. In wuta ta kama, ruwan ya zama tururi, in fayif ɗin a toshe yake sama da ƙasa yana iya fashewa. Ƙa'ida ta ce a yi huda mai faɗin aƙalla milimita 20, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a kowane hawa, kuma kada tazararsu ta wuce mita 5. Oga mai walda, na san in ka ga huda hannunka zai yi ƙaiƙayi ka toshe ta don aiki ya yi kyau. Don Allah a bar ta, a kuma gaya wa mai fenti kada ya cike ta.

Oga Mai Walda:

To Injiniya, na karɓa. Amma inci shida mai kaurin 5 ba kowane yaro ne zai iya waldarsa ba, sai an gyara bakin, an bi shi sau biyu ko uku, kuma ƙaramin janareta ba zai ja ba. Alhaji ya tabbatar wanda zai yi masa ya taɓa yin irinsa. Kuma a guji ɗan kwance na wurin 'yan gwangwan, wani an yi shekaru ana tura mai ko ruwa a ciki, cikin ya cinye ko ya yi maiƙo, kankare ba zai kama ba.

Abban Khalifa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na leƙa Ƙofar Ruwa da ma'aunin kauri da na aro wurin wani makanike. Mai shagon bai ɓoye mini komai ba, ya ce inci huɗun kala-kala ne, ya fito mini da su na auna da hannuna. Wanda mai waldana ya yi mini kuɗi a kansa milimita 2 ne, ba 3 ba. Mai 3 akwai, amma kuɗinsa daban. Inci shida mai 5 kuwa da na haɗa da faranti da noti da walda, ya fi filar birkila tsada.

Injiniya, ranka ya daɗe, mai 2 ɗin nawa zai ɗauka? Sannan ina tunanin na yi na tsakiyar shago da inci shida don samun fili, na baranda kuma na bar wa birkila. Maganar ɗaga tsayi na janye ta, mita 3 ta isa.

Injiniya Mai Ritaya:

Mai kaurin 2 a mita 3 wajen tan 21 zai ba ka, kai kuma kana neman 24. Bai kai ba, a bar shi ya yi rumfar mota.

Rabon da ka yi ya yi mini. Baranda ita ce mai ruwa da kwata, nan ne kuma mai Adaidaita ko motar sauke kaya za ta iya yi wa fila karo da baya, don haka tara-tara ta fi dacewa a can. Na ciki kuma inci shida, a shafa jan fenti kafin a kafa, a yi wa gindin kowanne ɗan dakali na kankare mai gangara don ruwan wanke shago kada ya kwanta a jikin ƙarfe. A sa rodi a ciki saboda maganar Hajiya, a kuma bar hudar nan biyu.

Lambobina na hasashe ne daga abin da ka faɗa, ban ga zanenka ba. Ka kai wa injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya yi lissafin bim da dekin da haɗin kan filolin, ya sa hannu, da ma za ka buƙaci zanen wajen neman izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Ka gaya masa gaskiyar abin da za ka tara a siton, kada ka ce ofis ne kawai don rodi ya ragu.

Saura fandisho, wanda ba mu taɓa ba. Tan 17 ɗin nan duk a ƙasa zai ƙare, ko fayif ne ko rodi. In ƙasar tana ɗaukar tan 15 a murabba'in mita, kowace fila ta tsakiya tana son gindi wajen mita 1.2 ta kowane ɓangare. In ba ta kai haka ba, lissafin ya canza gaba ɗaya. Filaye da yawa a garin nan tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara aka bi da jar ƙasa. Ka tambayi dattawan unguwar abin da ke wurin kafin a yanka shi, sannan ka sa a haƙa rami ɗaya mai zurfin mita biyu a daidai inda filar tsakiya za ta zauna, ka turo mana hoton abin da ya fito.